Camry, Accord ko Sonata: Me Ake Aunawa Idan Ana Gwada Matsakaitan Motoci?

A watan Afrilun 2018 kamfanin Ford ya sanar da cewa zai daina ƙera mafi yawan motocinsa na salun a Arewacin Amurka, ya mayar da ƙarfinsa kan jif da a-kori-kura. Ba a jima ba sauran kamfanoni suka shiga bin sawunsa. Ford Fusion ta ƙare a 2020. Mazda6 ta bar kasuwar Amurka bayan ƙirar 2021, Volkswagen Passat ta bi ta bayan shekara guda, Chevrolet ya rufe layin Malibu a ƙarshen 2024, Subaru kuma ya ce Legacy ta 2025 ita ce auta. Ajin da a da ake cincirindo a cikinsa, yau biyar ne suka rage ana kiran sunansu: Toyota Camry, Honda Accord, Hyundai Sonata, Kia K5 wadda a da ake kira Optima, da Nissan Altima.

Wani zai ce ina ruwanmu da abin da Ba'amurke ya daina saye. Ruwanmu da yawa kuwa. Camry da Accord ɗin da suka cika titunan Kano da Kaduna da Abuja, da yawansu a can aka ƙera su. Honda ya fara haɗa Accord a Marysville ta jihar Ohio tun 1982, Toyota ya fara fitar da Camry daga Georgetown ta jihar Kentucky a 1988, Sonata ta shekaru masu yawa kuma daga Montgomery ta Alabama ta fito, inda masana'antar Hyundai ta fara aiki a 2005. Abin da Amurkawa suka saya sabo yau, shi ne zai sauka tashar jiragen ruwan Legas ko ta Kwatano nan da shekara bakwai ko goma. Abin da suka ƙi saye kuwa, mu ma ba za mu gan shi a wurin dillali ba.

Mujallun motoci na can idan za su gwada waɗannan motoci, ma'auni uku suka fi riƙewa: kayan da aka zuba wa motar, filin da ke cikinta, da ko ta ci kuɗinta. Ma'aunan ba su da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne an gina su domin mai sayen farko, wanda zai hau motar shekara uku ko biyar ƙarƙashin garanti, a kan titi mai santsi, sannan ya canza ta. Mu kuwa yawancinmu a rayuwarta ta biyu muke haɗuwa da ita. Kuma waɗannan abubuwa uku ba tare suke tsufa ba. Kayan alatu kamar lalle ne, ranar biki shi ke ɗaukar ido, bayan ɗan lokaci ya koɗe. Fili ba ya raguwa ko motar ta shekara ashirin. Darajar kuɗi kuwa tana iya juyewa gaba ɗaya da zarar motar ta tsallaka teku.

Bari mu fara da filin, tun da shi ne wanda shekaru ba sa taɓawa.

Ita kalmar matsakaiciya ba da tsawon mota ake yanke ta a Amurka ba. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, tana haɗa filin ɗakin fasinja da na but ne: idan jimillar ta faɗo tsakanin lita kusan 3,100 da 3,400, motar matsakaiciya ce, idan ta haura nan ta shiga ajin manya. Shi ya sa Accord ƙirar 2008, wadda wasu ke kira Anaconda wasu kuma Evil Spirit, hukumar ta sa ta cikin manyan motoci, ko da yake a kasuwa da Camry take gogayya. Duk wanda ya taɓa zama a bayanta ya san ba a yi mata ƙari ba.

A ƙirar yanzu ma Accord ce a gaba, kuma ba da ɗan kaɗan ba. But ɗinta yana ɗaukar lita 473. Na Sonata ya kai 442, na Altima 436, na Camry 428. Bambancin lita 45 tsakanin Accord da Camry ya kai ƙaramin akwatin tafiya guda, abin da mai iyali da zai je gida hutun Sallah ba zai raina ba. A wurin miƙe ƙafa na kujerar baya, Accord tana ba da kusan santimita 104, Camry 97, Altima da K5 kusan 89, Sonata 88.

Sai dai wannan lamba ta ƙarshe tana ruɗin mutane, kuma na ga ya kamata a tsaya a kanta. Wanda ya karanta 88 kusa da 97 zai ɗauka bayan Sonata matsattse ne. Amma a takardar Hyundai wurin ƙafa na gaba santimita 117 ne, alhali na Camry da Accord 107 ne. Kujerar gaba tana matsawa gaba da baya, abin da aka ƙara wa direba an rage shi daga na bayansa. Idan ka haɗa na gaba da na baya, Sonata tana da kusan 205, Camry 204, Accord 211. Ashe Sonata da Camry kunnen doki suke, Accord ce kaɗai ta yi musu fintinkau. Wanda zai gwada mota da takarda, ya riƙa haɗa lambobin biyu. Wanda kuma motar ke gabansa, ya daidaita kujerar direba da tsayinsa, ya zagaya ya zauna a bayanta, gwiwarsa za ta gaya masa abin da takarda ta ɓoye.

Akwai abin da takardar ba ta faɗa ko kaɗan. Tun daga wajen 2018 masu zanen waɗannan motoci suka koma kwantar da rufi ta baya domin motar ta yi kyan gani kuma ta tsaga iska da sauƙi. Accord da Sonata da K5 duk sun bi wannan yayi. Abin da ya haifar shi ne ƙofar baya ta yi ƙasa, dattijo mai hula ko mai rawani sai ya sunkuya sosai kafin ya shiga, dogo kuma kansa na gogar rufi, musamman a wadda aka yi wa tagar sama, domin ita tagar tana cin wani abu daga tsayin ɗakin. Camry ta 2012 zuwa 2017, wadda matasa ke cewa ba ta da fasali, ta fi su sauƙin shiga da fita saboda rufinta a miƙe yake. Mutum na biyar ma a tuna da shi: kujerar tsakiya ta baya a dukkan motocin nan tudu ce mai tauri, ta yara ce ko ta gajeriyar tafiya. Iyalin da kullum suke cika mutum biyar manya, salun ba tasu ba ce, ko wace iri ce.

Sannan ga filin da ke ƙarƙashin motar, wanda mujallun Amurka ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne kullum a ranmu. Sababbin Camry da Accord tazarar cikinsu da ƙasa ba ta kai santimita 15 ba, alhali RAV4 ta haura 20. A ɗora mutum huɗu da kaya a but, a hau tudun rage gudu irin wanda unguwanni ke ginawa da kansu, za a ji ƙarfe ya daki kankare. Manyan samfuran kuma ana sa musu ƙafa mai inci 19 da siririyar taya. Tana da kyau a ido, amma rami ɗaya a hanyar da damina ta cinye ya isa ya kumbura tayar ko ya lanƙwasa ƙarfen. Ƙaramin samfuri mai inci 16 ko 17 ya fi laushin tafiya, tayarsa ta fi araha, ya fi jure wahala. A nan mai ƙaramin kuɗi ne ya fi dacewa. A lura kuma, Accord ta yanzu mai haɗin fetur da lantarki ba ta zuwa da tayar safaya, ɗan famfo da ruwan liƙe huji ake sa mata. Mai bin doguwar hanya ya san wannan kafin ya biya.

A fagen kayan alatu ba a ja da 'yan Koriya. Dabarar Hyundai da Kia tun daɗewa ita ce su ba ka a ƙaramin farashi abin da Toyota da Honda ke ajiyewa sai a babban samfuri. Sonata ta 2015 ce mota ta farko da ta fito da Android Auto, wato haɗa wayar hannu da allon mota. Accord ta samu irin wannan a 2016. Camry ba ta karɓi Apple CarPlay ba sai 2019, Android Auto kuma sai 2020. Haka abin yake a faɗin allo, da kujera mai hura sanyi, da kyamarar da ke nuna kewayen mota: Toyota yakan zo a makare, sai abu ya daɗe a hannun wasu kafin ya ɗauka.

Ni dai ba na auna waɗannan da nauyi ɗaya. Allo da fitilun ado da tagar sama su ne farkon abin da ke tsufa, kuma su ne mafi tsadar gyara idan zafin Afrilu ya taɓa su. Kujera mai ɗumama jiki da sitiyari mai ɗumi, waɗanda mutumin Michigan ya biya kuɗi domin su, a Sakkwato ba su da aiki sai 'yan kwanakin hunturu. Abin da ya cancanci a nema a kujerar baya shi ne kafar iskar sanyi, wadda ƙananan samfura da yawa ba su da ita.

Kayan tsaro kuwa wani zance ne dabam, kuma a nan shekarar ƙira ta fi sunan kamfani muhimmanci. Dokar Amurka ta wajabta na'urar hana mota sulɓewa a kwana ga dukkan motoci daga ƙirar 2012, kyamarar baya kuma daga Mayun 2018. A ƙirar 2018 ne Camry da Accord duka suka sa burki mai kama kansa da gargaɗin barin layi a kowane samfuri, ba sai mai tsada ba. Gargaɗin barin layi yana buƙatar titi mai fenti kafin ya yi aiki, amma burkin nan yana iya ceton wanda hankalinsa ya ɗauke na daƙiƙa biyu a cunkoso.

Ƙarfin ginin jiki ma haka. A 2012 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta fito da gwajin da ake buga kusurwar gaban mota kawai da shinge, irin karon da ake yi idan direba ya kauce amma bai kauce duka ba. Accord ta 2013 ta samu maki mafi kyau. Camry ta lokacin ta faɗo a mafi muni, har mujallar Consumer Reports ta janye shawararta ta a saye ta, sai da Toyota ya ƙarfafa gaban motar a cikin ƙirar 2014. A 2023 kuma cibiyar ta gwada lafiyar fasinjan baya a wannan aji, Accord kaɗai ta samu maki mafi kyau, Sonata da K5 suka zo a ƙasa. Wannan gwaji ya fi shafarmu fiye da waɗanda aka yi shi dominsu, domin a wurinmu kujerar baya ba ta zama fanko. Nan uwargida da yara da iyaye suke.

Akwai kuma wani haɗari da nake ganin ba a maganarsa yadda ya kamata a kasuwanninmu: jakar iska ta kamfanin Takata. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa da zafi da laima, idan ya tashi aiki sai ya tarwatsa gwangwaninsa, ɓaraguzan ƙarfe su nufi fuskar direba. An kira motoci miliyoyi domin canza ta, kusan jakunkuna miliyan 67 a Amurka kaɗai, kuma Accord ta 2001 zuwa 2007 tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Motar da ta bar Amurka kafin a gyara ta, babu wanda zai aiko wa mai ita wasiƙa a Zariya. Ana iya sa lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a shafin hukumar kula da tsaron motoci ta Amurka, NHTSA, a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba, kuma kyauta ne.

Yanzu sai babbar tambaya, wace ce ta ci kuɗinta.

A Amurka, a ƙirar 2025, mafi sauƙin kowace daga cikin biyar ɗin nan tana ƙasa da dala 30,000, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Abin da ya raba su shi ne inji. Toyota ya yi abin da ba a zata ba: Camry ta 2025 duk mai haɗin fetur da lantarki ce, an jingine injin silinda shida mai ƙarfin doki 301, an jingine mai fetur zalla. Wadda ta rage tana da ƙarfin doki 225, ko 232 idan mai ja da ƙafa huɗu ce, kuma ƙaramin samfurinta a gwajin EPA yana cin kusan kilomita 22 da lita ɗaya. Accord tana farawa ne da ƙaramin inji mai lita 1.5 da turbo, ƙarfin doki 192, kusan kilomita 13 zuwa 14 a lita. Wanda yake son mai haɗin lantarki, mai ƙarfin doki 204 da kusan kilomita 19 zuwa 20 a lita, sai ya haura dala 33,000. Sonata tana da inji mai lita 2.5 da giya takwas irin ta gargajiya, ga mai haɗin lantarki, ga kuma N Line mai ƙarfin doki 290 domin masu son gudu.

Makamin da Hyundai da Kia suka fi taƙama da shi a can shi ne garanti: shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giyabos, alhali Toyota da Honda shekara 5 ko mil 60,000 suke bayarwa. Ga mai sayen farko wannan babban abu ne, yana iya sa Sonata ta zama mafi riba a cikinsu. Amma dogon garantin nan na mai sayen farko ne kaɗai. Ko a Amurka mai saye na biyu shekara 5 ko mil 60,000 yake gada, wanda ya saya a Kano kuwa ba ya gadon komai. Abin da ya fi ɗaga darajar motar a can, shi ne abin da ba ya hawa jirgin ruwa.

Abin da ke hawa jirgin shi ne halin injin. Sonata ta 2011 zuwa 2014 da Optima ta zamaninta suna ɗauke da injin Theta II. A 2015 Hyundai ya kira Sonata kusan 470,000 saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji wurin ƙira, wanda ke toshe hanyar mai har injin ya cije. An faɗaɗa kiran a 2017, a 2020 kuma hukumar NHTSA ta ci Hyundai da Kia tarar da ta kai dala miliyan 210 a haɗe saboda jinkirin da suka yi. Motar tana da kyan gani, tana da kaya, kuma takan zo da sauƙin farashi a wurin dillali. Araha ba ta ado. Ba ina cewa kowace Sonata ta waɗannan shekaru za ta cije ba ne, wasu an canza musu inji tun a can. Amma wanda zai saya ya nemi shaidar hakan, ya kuma sa kuɗin wani injin cikin lissafinsa. Ƙirar 2020 zuwa sama sabon inji ne, bai kamata a ɗora mata laifin yayarta ba.

Altima matsalarta giyabos ce. Nau'in CVT ne, wanda ba shi da haƙoran giya, ɗamarar ƙarfe ce ke gudu tsakanin ƙafafu biyu masu buɗewa da tsukewa. Yana rage shan mai, amma ba ya son zafi, ba ya son a haɗa masa man da ba nasa ba. Nissan ya ƙara wa'adin garantin giyabos ɗin Altima ta 2013 zuwa 2016 bayan masu motoci sun kai ƙara a haɗe. A ƙasar da rana ke kaiwa digiri 40, kuma ba kowane bakanike ne ke bambanta man CVT da na giyar gargajiya ba, ban ga dalilin da zai sa in shawarci mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauke ta ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka Toyota da Honda ba su da tabo. Camry ta 2007 zuwa 2009, farkon wadda ake kira Muscle, injinta mai lita 2.4 ya yi suna da shan baƙin mai, kuma dashbod ɗinta yana narkewa ya yi danƙo a ƙasashe masu zafi, duka biyun Toyota ya amsa su da ƙarin garanti. Daga 2010 aka sa mata inji mai lita 2.5 da giya shida, wanda ya fi lafiya nesa ba kusa ba. Jikin ɗaya ne, sunan ɗaya ne, amma wanda ya sayi ta 2008 da wanda ya sayi ta 2010 ba mota ɗaya suka saya ba. Ta 2012 zuwa 2014 kuma wasunsu suna karkarwa idan ana tafiya a hankali, daga giyabos abin yake, a gwada ta a kan hanya kafin a biya.

Accord ta 2003 da 2004 mai silinda shida ta sha fama da giyabos. Ita kuma fitar ƙafar gaba da aka san wannan Accord, wadda ake kira EOD, da ita a hanyoyinmu, daga tsarin ƙafar ne: nauyin motar yana rataye a kan boljoyin na ƙasa, idan robarsa ta yage ƙura ta shiga, ko aka sa jabu, wata rana sai ya tsinke. Wannan tsari shi ne kuma ke sa Accord ta riƙe hanya da daɗin tuƙi fiye da Camry ta zamaninta. A 2013 Honda ya sauya shi da mafi sauƙi, irin na Camry, sai dai a shekarar ce kuma ya sa wa mai silinda huɗu giyabos na CVT. Na Honda ya fi na Nissan suna mai kyau, amma shi ma mansa na musamman ne. Injin turbo na 2018 zuwa sama kuma siririn mai yake so, 0W-20, a kan lokaci. Al'adar zuba kakkauran 20W-50 a kowace mota, wadda ta samo asali tun zamanin Peugeot 504 ta Kaduna, tana kashe irin waɗannan injuna a hankali.

Daga nan ne Camry take cin gasar a wurinmu, ba don ta fi kowa fili ko kaya ko daɗin tuƙi ba, domin a dukkan ukun akwai wadda ta fi ta. Ta ci ne saboda a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ko Apo ba a rasa kayanta, sabo da na gwanjo. Bakaniken ƙaramin gari ya taɓa buɗe irinta. Ranar da buƙata ta taso kuma aka kai ta wurin dillali, ba ta kwana da yawa. Mai saye yana biyan wannan kwanciyar hankali tun farko, domin Camry takan fi Sonata ko Altima ta shekararta tsada, amma yakan karɓi mafi yawansa ranar sayarwa. Accord tana biye da ita kusa da kusa, kuma ga wanda yake da bakanike mai karanta littafin mota, yake kuma tuƙa kansa, ni ita zan nuna masa. Ta fi fili, ta fi kare na baya, ta fi daɗi a hannu. Sonata ta 2020 zuwa sama ta dace da mazaunin babban birni wanda ke son kaya da yawa a ƙaramin kuɗi, kuma ya yarda zai yi asara fiye da sauran ranar da zai rabu da ita.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan tarihin motar ba shi da kyau. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga gwanjon Copart da IAA suke, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Wadda aka buga a bamba aka gyara da kyau ba matsala ba ce. Wadda ruwa ya kwana a cikinta kuwa, wayoyinta za su riƙa ruɓewa a hankali, kuma yawan kayan lantarkinta yawan wahalarta. Lambar shasin nan ita ce dai mabuɗi: da ita ake ganin rahoton tarihin mota na Carfax, sau da yawa har da hotunan motar ranar gwanjo. A tuna kuma agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, 100,000 a kansa kilomita 160,000 ne. Sonata mai tsabtataccen tarihi ta fi Camry da aka tsamo daga ambaliya.

Saura batun mai, wanda ya sauya lissafin kowa tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi a Najeriya. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Camry ta 2007 mai silinda huɗu, a gwajin EPA, kusan kilomita 10 take ci da lita. Mai tafiyar kilomita 1,500 a wata zai sha lita 150. Da mota mai haɗin lantarki da ke cin kilomita 20, lita 75 zai sha. Idan lita tana naira 1,000, ya tsira da 75,000 kowane wata, 900,000 a shekara. Lambobin gwaji ba su cika fitowa daidai a kan titi ba, amma cunkoson gari, inda mota mai fetur zalla ta fi asara, nan ne mai haɗin lantarki ta fi riba, domin injinta yana mutuwa idan an tsaya, burkinta kuma yana mayar da wuta cikin batir.

Tsoron da mutane ke yi wa batirin yana da tushe, amma an zuzuta shi. Toyota yana ƙera Camry mai haɗin lantarki tun ƙirar 2007, kuma direbobin tasi a manyan biranen duniya sun gwada tsarin da tafiya mai yawa. Giyabos ɗinsa ba shi da ɗamarar da ke damun CVT, haƙoran ƙarfe ne da injunan lantarki biyu. Tsofaffin ƙirar batirin yana cin wani ɓangare na but, amma daga 2018 an mayar da shi ƙarƙashin kujerar baya. Abokan gabansa biyu ne, zafi da ƙura. Da iskar cikin ɗaki ake sanyaya shi ta wata ƙaramar kafa kusa da kujerar baya, idan ƙurar hunturu ta toshe matacinta ko aka tare ta da kaya, batirin zai riƙa dahuwa ba tare da direba ya sani ba. Share wannan mataci aikin 'yan mintuna ne, amma sai wanda ya san yana nan.

Kuma zaɓin ba zai daɗe a hannunmu ba. Tun da Camry ta 2025 ba ta da mai fetur zalla, manyan samfuran Accord na yanzu ma duk masu haɗin lantarki ne, to nan da 'yan shekaru abin da zai cika filin dillalai ke nan. Batirin irin waɗannan motoci yana ɗauke da wuta ta sama da bolt 200, wadda ke iya kashe wanda ya taɓa wayarta mai ruwan lemo da hannu tsirara. Yaron da ke koyon gyara a gareji yau yana buƙatar ya iya karanta na'urar binciken mota, ya san yadda ake cire fulogin da ke katse wutar kafin ya sa sifana, ya kuma iya gwada batir ɗaki-ɗaki maimakon ya ce a canza shi duka. Ƙungiyoyin makanikai da kwalejojin fasaha na jihohinmu suna da 'yan shekaru kaɗan su shirya wannan kafin motocin su iso da yawa.